Peder Balke: Mai fentin ƙauye da Norway ta manta da shi, yanzu ake jayayya kan matsayinsa

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai wani ɗan zane da bai wuce tafin hannu ba. Tsawonsa kimanin santimita 10 ne, faɗinsa 12, wato wayar da kake karanta wannan labari a kanta ma ta fi shi tsawo. Babu wani launi a jikinsa sai baƙi da fari da ruwan toka. Teku ta harzuƙa, hadari ya haɗu, jirgin ruwa ya karkata kamar zai kife.

Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin wani mai zanen ƙarni na 20 ne. Amma an yi shi ne wajen shekarar 1862, kuma mai shi, Peder Balke ɗan ƙasar Norway, bai yi shi don sayarwa ba, domin a lokacin ya riga ya fid da rai da kasuwar zane. Ya rasu a 1887, kuma jama'ar birninsa sun fi saninsa da harkar filaye da fafutukar 'yan ƙwadago.

Yau kuwa manyan gidajen zane na Turai da Amurka suna alfahari da mallakar aikinsa, wasu masana har suna kiransa ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa zanen zamani hanya. Wannan kirari yana da daɗin ji, amma akwai abin dubawa a cikinsa.

Yaron da manoma suka yi wa karo-karo

An haifi Balke ranar 4 ga Nuwamban 1804 a tsibirin Helgøya da ke tsakiyar tafkin Mjøsa, tafki mafi girma a Norway. Sunansa na yanka Peder Andersen. Iyayensa talakawa ne da ba su da gonar kansu, irin waɗanda ke zaune a filin wani suna biya da ƙwadago. Ƙuruciyarsa ta faɗo cikin shekarun yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da jiragen yaƙin Birtaniya suka tare hanyoyin shigo da hatsi, har mutanen karkara suka koma haɗa garin ɓawon itace a cikin burodi.

Yana ɗan shekara tara, a 1814, Norway ta fita daga ƙarƙashin Denmark, ta rubuta kundin tsarin mulkinta, sannan aka haɗa ta da Sweden a ƙarƙashin sarki ɗaya. Wannan ya shafi rayuwarsa fiye da yadda ake zato. Ƙasa ce da ke neman sanin kanta, ba ta da manyan fadoji ko tsofaffin makarantun zane irin na Italiya da Faransa, abin da take da shi na nunawa shi ne duwatsu da ruwa da ƙanƙara. Don haka mai zana yanayin ƙasa ya zama mutum mai muhimmanci.

Balke bai fara daga nan ba. Ya fara ne da sana'ar fentin gidaje a yankin Toten, yana shafe bango da ƙofofi da kayan ɗaki na manoma masu hali. A gonar da ake kira Balke ya samu masauki da kulawa, daga nan ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. Manoman yankin ne suka ga yaron yana da hannu, suka tallafa masa ya tafi karatu, shi kuma ya saka musu da ƙawata musu ɗakuna. Har yau akwai zanensa a bangon gidan gonar Billerud, inda aka buɗe cibiya mai ɗauke da sunansa.

A riƙe wannan batu na fentin gidaje, za mu dawo kansa. Mai fenti na wancan zamani dole ya iya dabarar sa katako mai araha ya yi kama da itace mai tsada ko dutsen mabul. Ana shafa fenti mai ruwa-ruwa a kan farin shafe, sannan a bi shi da tsumma ko mataji ko yatsa tun bai bushe ba. Aiki ne na sauri, ba a tsayawa gyara.

A 1827 ya shiga makarantar zane ta Christiania, birnin da ake kira Oslo yanzu, daga baya ya wuce Stockholm ya yi karatu a hannun Carl Johan Fahlcrantz. A bazarar 1830 ya ratsa kudancin Norway da ƙafa, ta Telemark har zuwa Bergen, yana zana abin da ya gani a hanya.

Tafiyar 1832

Abin da ya raba Balke da tsaransa ya faru ne a 1832, da ya shiga jirgin ruwa ya nufi can ƙuryar arewacin ƙasar, yankin Finnmark. Ya ga North Cape, wani gangaren dutse da ya miƙe sama da mita 300 daga cikin teku, wanda aka daɗe ana ɗauka a matsayin ƙarshen nahiyar Turai ta arewa. Ya kai har Vardø da Vadsø, kusa da iyakar Rasha.

A wancan lokaci babu jirgin fasinja mai zirga-zirga a kai a kai zuwa can, babu hanyar mota, masu zane kuma Italiya suke mafarkin zuwa, inda rana take. Shi ya juya baya ya tafi inda babu bishiya, inda rana ba ta faɗuwa tun daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Yuli, a lokacin hunturu kuma ta ɓace gaba ɗaya na tsawon makonni.

Yana da shekara 27 a lokacin. Abin da ya gani a wannan tafiya shi ya ci gaba da zanawa har tsufansa: North Cape cikin hasken wata, ganuwar sojoji ta Vardøhus, hasumiyar fitilar jirage ita kaɗai a gaɓar teku, tsaunin Stetind, da ɗan kwale-kwale a tsakanin raƙuman ruwa. Ya maimaita su sau da dama, kuma kullum shekaru na ja, zanen na ƙara nisa da ainihin siffar wurin, yana komawa abin da ya rage masa a zuci.

Da farko abubuwa sun tafi daidai. Gidan sarautar Sweden ya sayi aikinsa, ya yi aure a 1834, sannan ya tafi Dresden a Jamus a tsakiyar shekarun 1830, ya sake komawa a farkon shekarun 1840. A can ne Johan Christian Dahl, wanda ake ɗauka uban zanen yanayin ƙasa na Norway, yake koyarwa, yana kuma zaune gida ɗaya da Bajamushen nan Caspar David Friedrich.

Mutanen biyu hanyarsu daban. Dahl ya yi imani da a fita waje a kalli gajimare da dutse da ganye a zana su yadda suke. Friedrich kuwa yakan ajiye mutum ɗaya tilo a gaban sararin da ba shi da iyaka, ya bar mai kallo da tunanin ƙanƙantar ɗan Adam. Balke ɗalibin Dahl ne a hukumance, amma duk wanda ya kalli aikinsa zai ga zuciyarsa tana wajen Friedrich.

Murna ta koma ciki a Paris

A tsakiyar shekarun 1840 ya kwashi iyalinsa zuwa Paris, kuma a nan ya nuna cewa ba zane kaɗai ya iya ba, yana da wayon kasuwa. Ya san wani abu game da Sarki Louis-Philippe na Faransa. A 1795, bayan masu juyin juya hali sun fille kan mahaifinsa, Louis-Philippe yana saurayi ɗan gudun hijira ya yi yawo a arewacin Turai da sunan aro, har ya kai North Cape. Ba kowane Bafaranshe ne ya taɓa taka wurin ba, kuma sarkin bai manta ba.

Ɗan talakawan Helgøya ya nemi iso, ya samu, ya shimfiɗa wa sarki ƙananan zane-zanensa na Arewa. Sarki ya ga wuraren da ya ratsa shekara 50 da suka wuce, ya ba da aikin manyan zane-zane kimanin 30 da za a kai fadar Versailles. Ga mai zane daga ƙasar da ba a lissafa ta a wannan fage, babu abin da ya fi haka.

Sai ga Fabrairun 1848. Jama'ar Paris suka fito kan titi, Louis-Philippe ya sauka daga mulki ya tsere Ingila, inda ya rasu a 1850. Kwangilar ta bi ruwa. Ƙananan zane-zanen gwajin da Balke ya miƙa, fiye da 20, suka maƙale a hannun hukumomin Faransa, kuma suna gidan tarihi na Louvre har yau, bayan sun shafe shekaru masu yawa babu mai waiwayarsu.

Akwai abin mamaki a nan. Guguwar 1848 da ta rusa masa babbar damarsa, ita ce ta haifar da tafiyar siyasar da zai shiga da ƙarfinsa idan ya koma gida.

Ya gwada sa'arsa a Landan na ɗan lokaci, a shekarun ƙarshe na rayuwar J.M.W. Turner, gwanin zana hazo da guguwar teku. A 1850 ya koma Christiania.

Unguwar da ya gina wa ma'aikata

Ya tarar kasuwa ta canza. Abin da ake yayi shi ne salon masu zanen Norway da suka yi karatu a Düsseldorf, irin su Hans Gude da Adolph Tidemand, waɗanda suka haɗu suka zana fitaccen hoton ayarin amarya cikin kwale-kwale a mashigin Hardanger a 1848. Zane ne mai sheƙi, an gama shi tsaf, kowane ganye a wurinsa, ga rana, ga manoma cikin kayan ado. Irin Norway ɗin da masu kuɗin birni ke son rataya wa a falo ke nan. Kusa da wannan, duhu da hazon Balke sai suka yi kama da aikin da aka yi cikin gaggawa aka bari ba a ƙarasa ba.

Ba za a ce talaucin asalinsa kaɗai ya jawo masa ba, domin Dahl ma ɗan masunci ne daga Bergen, kuma shi ma da fentin gidaje ya fara. Amma siyasa ta ƙara masa nauyi. Balke ya shiga ƙungiyar ma'aikata ta Marcus Thrane, tafiyar 'yan ƙwadago ta farko a Norway, wadda ta tara mambobi kusan 30,000 cikin ƙanƙanin lokaci tana neman kowane namiji ya samu 'yancin ƙuri'a, a kuma sassauta wa manoman da ba su da gona, irin iyayen Balke. A 1851 gwamnati ta kama Thrane ta murƙushe tafiyar. Mutumin da aka sani da irin wannan ra'ayi ba zai yi tsammanin fara'a daga waɗanda ke raba tallafi da sayen zane ba.

Sai ya juya ga wani aiki. Daga 1858 ya fara sayen filaye daga gonar Nedre Blindern, a wajen iyakar birni. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: a cikin Christiania doka ta tilasta gini da bulo saboda tsoron gobara, abin da ya fi ƙarfin talaka, a waje kuwa ana iya gini da katako. Ya yanka filayen ya sayar wa ma'aikata da masu sana'ar hannu, ya ranta musu kuɗin gini, ya tsara a bar tituna masu faɗi da wurin lambu. Unguwar ta ɗauki sunansa, Balkeby, wato garin Balke.

A watan Yunin 1879, shekara guda bayan an shigar da yankin cikin birni, gobara ta cinye babban ɓangaren unguwar. Yana da shekara 74.

Zanen da ya yi don kansa

Cikin waɗannan shekaru na filaye da rance bai ajiye buroshi ba, ya dai daina yi wa kowa. A nan ne aikin da ake magana a kansa yau ya fito.

Yakan ɗauki ɗan guntun katako ya shafe shi da fari sumul. Sai ya zuba fenti baƙi ko shuɗi mai ruwa-ruwa, ya bi shi da tsumma ya goge, ya ja mataji ko busasshen buroshi, ya danna yatsa. Farin da kake gani a matsayin kumfar teku ko hasken wata, sau da yawa ba fenti ba ne, shafen ƙasa ne da ya bayyana bayan an goge na sama. A wasu zane-zanen ana iya ganin shatin yatsunsa. Tsauni kan fito daga shafa ɗaya, igiyar ruwa daga jan hannu ɗaya.

Wannan ita ce dabarar mai fentin Toten, wadda ya koya yana saurayi don kwaikwayon mabul a jikin ƙofa. Abin da makarantun zane ke ɗauka aikin 'yan ƙwadago, shi ya ɗauko ya zana teku da shi.

Babban misali daga cikin manyan ayyukansa shi ne zanen tsaunin Stetind cikin hazo na 1864, wanda ke gidan tarihi na ƙasa a Oslo. Tsaunin na gaske tsawonsa ya kusa mita 1,400, amma Balke ya ƙara masa tsini ya raba shi da ƙasa, sai ya zama kamar yana shawagi a kan hazo, mutane da jirage a ƙasansa kamar tururuwa. A 2002 masu sauraron rediyo a Norway suka zaɓi Stetind a matsayin tsaunin ƙasa.

Ya rasu a Christiania ranar 5 ga Fabrairun 1887, yana da shekara 82.

Shin shi ne ya share hanya?

An fara tono sunansa a baje kolin cikar kundin tsarin mulkin Norway shekara 100, a 1914, tare da wani mai zanen da aka manta, Lars Hertervig, wanda ya yi fama da taɓin hankali ya rasu cikin talauci a Stavanger a 1902. Lokacin ya dace. Idon jama'a ya riga ya saba da Edvard Munch, saboda haka abin da a da ake kira rashin ƙarasawa ya koma ana kiransa ƙarfin hali. Daga baya shahararren mai zanen Denmark Per Kirkeby ya yi rubutu a kansa, ya ƙara jawo hankalin masu zane gare shi.

A wajen arewacin Turai kuwa sai kwanan nan aka san shi. National Gallery ta samu ɗan zanen guguwar nan kyauta a 2010, ta shirya masa baje koli daga Nuwamban 2014 zuwa Afrilun 2015 da haɗin gwiwar gidan zane na arewacin Norway da ke Tromsø. Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya biyo baya a 2017.

Masu cewa ya riga zamaninsa suna da hujja. Ya rage launi zuwa biyu ko uku, ya bar fenti ya nuna kansa a matsayin fenti, ya zana daga tunani maimakon daga kallo, kuma ya yi hakan shekara goma kafin Claude Monet ya zana fitowar ranar da ta ba salon su Monet suna, kusan shekara 50 kafin Wassily Kandinsky ya fara zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai. Akwai kuma wata babbar muhawara a baya. An daɗe ana ba da tarihin zanen zamani kamar hanya ɗaya ce da ta ratsa ta Paris. A 1975 masanin tarihin zane Ba'amurke Robert Rosenblum ya kawo wata hanyar ta biyu, wadda ta taso daga Friedrich ta bi ta arewacin Turai har ta kai ga Mark Rothko a Amurka. Balke ya zauna daram a kan wannan hanya.

Sai dai a ganina kalmar share hanya ta yi yawa. Wanda ya share hanya, akwai waɗanda suka bi ta bayansa. Balke bai bar ɗalibai ba, bai kafa wata makaranta ba, ƙananan zane-zanensa na ƙarshe sun zauna ne a gidajen dangi da abokai a lokacin da su Munch ke tasowa. Waɗanda suka kawo sauyi a zanen Turai sun kai inda suka kai ba tare da shi ba. Mu ne muka waiwaya da idon da ya riga ya ga Rothko, muka ga kama.

Kuma burinsa ba irin nasu ba ne. Bai taɓa barin tsauni da jirgi da wata ba. Abin da yake nema shi ne abin da mutanen zamaninsa ke nema, wato tsoro da girman da mutum kan ji a gaban teku, ya dai bi ta gajeriyar hanya. Wani ɓangare na saurin hannunsa ma daga neman abinci ya samo asali, domin mai fentin da ke son ya sayar da yawa ba ya ɓata mako guda a kan gajimare ɗaya. Ya kamata kuma a tuna cewa laƙabin wanda ya riga zamaninsa yana ɗaga farashi, kuma masu tara zane da dillalansa ba sa ƙin jin sa.

Wannan bai rage masa komai ba. Matsayinsa na gaskiya ya fi wancan kirari ban sha'awa: mutum ne na ƙarni na 19 ciki da waje, wanda ya haɗa abin da ya gani a Dresden da abin da ya koya a ɗakunan manoman Toten, kuma ya samu sakewar yin hakan ne bayan masu saye sun juya masa baya. Da juyin 1848 bai auku ba, mai yiwuwa da ya shafe shekaru yana cika bangon Versailles da manyan zane-zane masu sheƙi irin waɗanda sarki ke so, kuma da wuya a ce guntayen katakon nan baƙi da fari sun samu.

Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe sabon gininsa a Oslo a 2022 yana nuna aikinsa tare da na Dahl da Gude da Tidemand. Na Balkeby kuwa, birni ya haɗiye wurin tuni, yana cikin yankin Majorstuen na yammacin Oslo, inda gidaje suke da tsadar da ma'aikatan da ya gina wa unguwar ba za su iya kusanta ba.